Allo da Kwamfuta: Nazari a kan Ma'aunin Karatu a Ƙasar Rano da Kibiya

Tun shekarar 2015 Hukumar JAMB ta bar yin jarrabawar shiga jami'a da takarda da fensir, ta mai da ita duka bisa kwamfuta. Masu yabon wannan tsari sukan kafa hujja da cewa satar amsa ta ragu, sakamako kuma yana fitowa da wuri. Lalle wannan abin yabo ne. Amma fa akwai abin da hujjar ta tsallake, wanda ya ke bayyana sarai in an dubi ƙasar Rano da Kibiya.

A ƙauyukan nan akwai yaron da ba ya taɓa kwamfuta sai jarrabawa ta ƙarato. Irin wannan yaro jarrabawa biyu ya ke yi a zama ɗaya, watau ta darussa huɗun da ya karanta, da ta hannunsa da bai saba da na'ura ba. Makin da aka ba shi cikin 400 kuwa ba ya rarrabe inda ilmi ya gaza da inda yatsa ya kuskure. Ita kanta Hukumar ta lura da haka, gama a 2017 ta shigo da jarrabawar gwaji. Ko da ya ke wannan ya rage wahala, ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka kuma a 2020, da annoba ta sa aka rufe makarantu, aka koma ba da darussa ta gidajen rediyo a Kano. Ƙidaya darussan da aka watsa abu ne mai sauƙi. Amma rediyo faɗi ya ke yi, ba ya sauraro, bai kuwa san wanda ya tafi kiwo ba.

A nan ne makarantar allo ta ke da abin koyarwa. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, malam ya ji da kunnensa karatu ya zauna. Ashe ba a raba kayan karatu da awon karatu ba.

Saboda haka mai son auna amfanin na'ura kada ya tsaya ga lissafin kwamfutocin da aka sayo. Sai ya zauna bayan yaro, ya ga inda ya ke tuntuɓe, sa'an nan ya tambaye shi abin da ya fahimta bayan an kashe na'urar.