Shaidar Cikin Gida: Yadda Muke Tuna Kaka

Duk mai sauraren sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Kano ko Kaduna ya san yadda take tafiya. A buɗe da innalillahi, a faɗi suna da unguwa da shekaru, a ce bayan gajeriyar rashin lafiya ko doguwar jinya, sannan a zo kan lissafi: ya rasu ya bar mata kaza, 'ya'ya kaza da jikoki da dama. In akwai mai muƙami cikin 'ya'yan, a ambace shi. Lissafin yana da daraja, domin a wurin Bahaushe mutane su ne arziki. Sai dai adadin waɗanda ya bari kawai muke ji, ba mu jin yadda ya riƙe su.

In muka juya ga rubutacciyar waƙa, marsiyya tsohuwar hanya ce a ƙasar nan, amma ta fi karkata ga malamai da shugabanni. Waƙoƙin ta'aziyyar da suka biyo bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a 1966, da na Murtala a 1976, kukan al'umma ne a kan jagora. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta fi kowa kusantar abin da nake nema. Ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, har maƙwabciyarta Halima ba ta bari ba, kuma abin da take tsayawa a kai shi ne hali. Duk da haka, dattijon da bai yi sarauta ba, bai buɗe makaranta ba, iyakarsa ya ciyar da gidansa shekara hamsin ba a taɓa jin kansa da kowa ba, da wuya ka ga an yi masa baiti.

Tasa marsiyyar da baki ake yin ta, sunanta shaida. A ƙofar gida, kan tabarmar zaman makoki, bayan an shafa fatiha sai ka ji wani ya ce, "Malam ba shi da abokin faɗa." Wani ya karɓe, "Ai zumunci a ƙafarsa yake." Wani kuma ya tuna bashin da ya yafe masa. Al'adar tana da tushe a addini, tunda hadisi ya nuna yabon da jama'a suka yi wa mamaci yana da nauyi. Siffofin da ake ambata kuwa su ne waɗanda wani manazarci mai suna Kirk-Greene ya tattara a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, irin su gaskiya da amana da haƙuri da karamci da kunya.

Amma masu zaman ƙofar gida mutumin waje suka sani, na masallaci da kasuwa da majalisa. Mutum yana iya zama inuwar giginya, na nesa ya sha, na gindi ya ƙone da rana. Shi ya sa hadisi ya ɗora ma'aunin alherin namiji a kan yadda yake da iyalinsa. Masu wannan shaidar suna cikin gida, kuma su ne aka fi ƙarancin ji. Matar da ta yi shekara arba'in da shi tana takaba, wata huɗu da kwana goma, kunya ma ba za ta bar ta ta zauna tana yabon miji a gaban mutane ba. In ta yi magana, gajeriya ce: "Bai taɓa barinmu da yunwa ba," ko "Ban taɓa jin zagi a bakinsa ba." A ganina duk zaman makokin babu maganar da ta kai wannan nauyi, ga shi a ɗaki take tsayawa, tsakanin mata. 'Ya'ya ma, musamman ɗan fari, akwai nauyi tsakaninsu da uba, ba su saba baje abin da ke ransu game da shi ba.

Jikoki ne kaɗai al'ada ta sakar wa baki. Tsakanin kaka da jika wasa ne. Tsoho ya kira jikanyarsa amarya, ya ce jikansa namiji zai ƙwace masa mata, su kuma su ja masa gemu, su lalube aljihunsa. Saboda haka su suka san shi ba rawani ba babbar riga, sun san inda yake ɓoye alewa da dabino, sun san wanda ya hana a doka. A wasu garuruwa, in tsoho ya cika da shekaru, jikoki kan ɗauki sandarsa su kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa, har masu hawaye su yi murmushi. Wanda bai san al'adar ba, zai ɗauka rashin ladabi ne. Ni kam ban san wata hanyar da ke dawo da mutum gaban idon danginsa kamar wannan ba.

Yau abubuwa sun sauya. Sadakar bakwai da ta arba'in sun ja baya a birane tun da malamai suka yi ta jan hankali a kansu, zaman makoki ya koma kwana uku, dangin nesa kuma ta waya suke gaisuwa. Ba ni da ja da gyaran da addini ya kawo. Abin da ke damuna shi ne a irin waɗannan taruka ne labarin mamaci yake fitowa, kuma ba mu samar da madadinsu ba. A Facebook jika zai sa hoton kakansa, mutum ɗari su rubuta Allah ya jiƙansa da rahama. Addu'ar ita ce gaba da komai, amma da jikan zai ƙara layi biyar ya faɗi abin da tsohon ya yi masa, da 'ya'yansa sun sami abin karantawa.

Abin da bai gushe ba shi ne suna. In aka haifi namiji, a mayar masa da sunan marigayi, uwar kuma ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, sai ta sakaya da Abba ko Baffa ko Babangida. Tsofaffin gidan su riƙa kallon yaron suna cewa ga goshinsa nan, ga irin zamansa. Wata rana yaron zai tambayi dalilin da ya sa ake ce masa Babangida, a nan ne kakarsa, wadda ta yi shiru ranar makoki, za ta zaunar da shi ta faɗa masa ko wane ne mai sunan.