Dutsen Masu Hikima, a Majigi da a Takarda

Wata Laraba da la'asar, a Tanut, na tarar da ɗalibaina biyar sun yi cincirindo bisa wayar salula guda, har ba su ji sallamata ba. Fim na farko na Harry Potter suke kallo, wanda Chris Columbus ya shirya a 2001 daga littafin J. K. Rowling na 1997. Fim ɗin ya girme su duka, amma ɗokinsu sabo ne fil. Da na zauna, ɗayansu, ɗan wajen Belbeji, ya ce: "Mushe, da gaske akwai dutsen da ke mayar da darma zinariya?"

Ban yi masa dariya ba, domin manyan malamai sun ƙarar da rayuwarsu a kan wannan tambaya. Laifin fim ɗin a ganina shi ne ya ta da ita, sa'an nan ya bar yaro da ita a hannu.

Tun daga suna aka fara ɓoye dutsen. Littafin asali yana ɗauke da sunan dutsen masu hikima a goshinsa, amma fassarar Faransanci ta 1998, wadda ɗalibanmu suka sani, ta kira shi Harry Potter à l'école des sorciers, wato makarantar matsafa. A cikin majigin kuwa, dutsen wani jan dunƙule ne da aka adana cikin madubi. Ba mu ga tukunya ba, ba mu ga wuta ba, ba mu ga mutumin da ya sha hayaƙi shekara da shekaru ba. Nicolas Flamel, wanda aka ce shi ya ƙera dutsen, sunansa kawai muke ji. Alhali mutum ne na gaske, marubucin takardu a birnin Paris, ya rasu a 1418, kuma gidan da ya gina a 1407 yana nan tsaye. Littafin sirrin da ake jingina masa sai a 1612 ya fito, kusan shekara ɗari biyu bayan an binne shi. Ke nan tun kafin majigi an riga an yi wa bawan Allah ƙage.

Abin da ya fi cancanta malami ya nuna wa ɗalibi yana kusa da mu. Kalmar alchimie ta Faransanci daga Larabci take, al-kimiya, kuma ita ce dai kalmar da mu Hausawa muke kiran ilimin zamani da ita: kimiyya. Haka ma élixir, daga al-iksir. Littattafan da ake danganta wa Jabir ɗan Hayyan sun koyar cewa ƙarafa duka daga kibiritu da zaiba suke samuwa, bambancinsu a tsarki da awo yake, saboda haka wanda ya gyara awon zai iya ɗaga darma zuwa matsayin zinariya. Kuskure ne, amma kuskure mai aiki a cikinsa: tacewa, narkarwa, turarawa, aunawa. Razi, likitan nan na ƙasar Farisa, ya jera kayan aikin da sinadaran daki-daki kamar mai lissafin kayan kanti.

Kuma ba a bar su sun yi ta faɗi su kaɗai ba. Ibn Sina ya ce iyakar abin da mai wannan sana'a zai iya shi ne rina ƙarfe ya yi kama da zinariya, ainihinsa kuwa yana nan yadda yake. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa ta 1377, ya ƙara da abin da har gobe yake ba ni dariya da tausayi gaba ɗaya: yawancin masu neman wannan sirri mutane ne da noma da fatauci da sana'a suka gagara, kuma Ibn Sina da ya ƙaryata abin waziri ne mai wadata, Farabi da ya gaskata shi kuwa talaka ne. Wannan gardama ita ce gadon da tsofaffin takardu suka bar mana, kuma ita ce fim ya zubar don ya sami wurin kare mai kai uku.

Kada in zalunce shi. Akwai wuri guda da ya yi kyau ƙwarai: madubin ba ya ba da dutsen sai ga wanda ke son samunsa ba don ya ci amfaninsa ba, kuma a ƙarshe an lalata shi. Mai karatun Hausa da ya bi Alhaji Imam neman Ruwan Bagaja ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai wannan darasi yana zuwa cikin minti kaɗan, bayan sa'a biyu na sandunan tsafi, kuma a idon ɗalibaina na ga wanne ya fi zama.

Me ya sa malamin Damargu zai damu da wannan? Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, hanyar Agadas da ta ratsa Tanut ta kwashe samari da yawa, har da waɗanda suka bar benci ba su kai ga jarrabawa ba. Zaibar nan ta Jabir ita ce ake damawa da hannu a wuraren wankin zinariya, a ƙona ta, a shaƙi tururinta mai lahanta ƙwaƙwalwa da ƙoda. Masu cewa za su ninka kuɗi ko su dafa tagulla ta zama zinariya su ma ba su ƙare a kasuwanninmu ba. Ga yaron Landan dutsen masu hikima tatsuniya ce. Ga yaron Belbeji wanda wansa ke arewa, tambaya ce ta abinci.

Mako na gaba na kawo musu shafi biyu na Ibn Khaldun a fassarar Faransanci, muka juya su zuwa Hausa tare a allo. Mun ɓata rabin sa'a a kan yadda za mu fassara al-iksir, ba mu daidaita ba har aka kaɗa ƙararrawa.