Mai Koya wa Kafinta Lissafin Guminsa

A Amurka akwai wata sana'a da ba a ganin mai ita riƙe da guduma ko zarto, amma kafintoci da magina na biyansa kuɗi mai tsoka don ya zauna da su ya duba littattafansu. Aikinsa horar da 'yan kwangilar gyaran gidaje ne, wato masu fasa tsohon kicin su sake shi, su sabunta banɗaki, ko su ƙara ɗaki a gidan da mutane ke zaune ciki. Kasuwar ba ƙarama ba ce. Cibiyar nazarin gidaje ta Jami'ar Harvard ta ƙiyasta cewa a 'yan shekarun nan Amurkawa na kashe sama da dala biliyan 400 duk shekara wajen gyara da kwaskwarimar gidajensu, kuma galibin masu wannan aiki ƙananan kamfanoni ne, wani ma mutum ɗaya ne da motarsa da yaransa biyu.

Mutumin da ke zuwa wurin irin wannan koci yawanci gwani ne. Ya iya katako, ya iya tayil, unguwa ta san shi, aiki ya yi masa layi na watanni. Amma idan shekara ta ƙare sai ya duba asusu ya ga babu abin a zo a gani, har wani yaronsa ya fi shi samu. Abin da ke burge ni a gwanintar kocin shi ne, ba ya taɓa cewa da mutumin nan ya ƙara ƙwazo, domin ƙwazon ya riga ya yi masa yawa. Takarda da alƙalami yake miƙa masa.

Darasin farko lissafi ne da ɗan firamare zai iya, amma ya kai kamfanoni da dama ƙasa. A ce aikin kicin zai ci dala 60,000 tsakanin kaya da ladan ma'aikata da kuɗin mai famfo da mai wayarin. Ɗan kwangila ya ji ana cewa ya kamata kashi 33 cikin 100 na kuɗin aiki ya rage masa, sai ya ɗora kashi 33 a kan 60,000, ya faɗa wa mai gida 79,800. A ransa ya gama. Koci zai sa shi ya raba 19,800 ɗin da ya rage da 79,800 da hannunsa, ya ga amsa ba ta kai kashi 25 ba. In yana son kashi 33 na gaske, sai ya ɗora rabin kuɗin da ya kashe, farashi ya zama 90,000. Tsakanin lissafin biyu akwai dala 10,200 a aiki guda.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi zafi: daga cikin abin da ya rage, nawa ne naka? Akwai hayar ofis, inshora, man mota da gyaranta, waya, akawu, talla, lasisi, da awoyin da ya ɓata yana auna gidajen da a ƙarshe ba a ba shi aikinsu ba. Babu ɗayan waɗannan da ke cikin kuɗin siminti ko katako, amma duk wata sai an biya su. Idan sun cinye kashi 25 na abin da ke shigowa, to mai farashin 79,800 ya yi wata biyu yana aikin sa-kai bai sani ba. Koci nagari yana kuma tilasta masa ya yanka wa kansa albashi ya rubuta shi cikin ɗawainiyar kamfani, don kada ya riƙa kiran ladan guminsa riba.

Wannan karatu yana da malamai. Walt Stoeppelwerth, na kamfanin HomeTech a jihar Maryland, ya yi shekaru yana zaga ƙasar yana gaya wa masu gyaran gida cewa ɗora kashi 50 zuwa sama ba zalunci ba ne, shi ne abin da zai bar su a buɗe. Michael Stone ya rubuta littafi sukutum a kan wannan lissafi, Markup & Profit, wanda har yau 'yan kwangila ke karantawa.

Inda nake ganin hannun gwani sosai shi ne ranar da aka ɗauko fayil ɗin aikin da aka riga aka gama. Koci ya shimfiɗa takardar ƙiyasi a hagu, rasitai da takardun awoyin ma'aikata a dama, su bi layi-layi. A ce an ƙiyasta awa 200, takardu sun nuna 260. Ina sittin ɗin suka shiga? Yana tambaya a hankali har amsa ta fito daga bakin mai aikin: an je kantin kayan gini sau da yawa saboda ba a yi oda gaba ɗaya ba, kabad ta zo a makare yara suka wuni suna jira, sannan uwargida ta ce a matsar da fitila ɗaya, aka matsar, ba a rubuta ba. Bai zarge shi ba, bai kuma ba shi wa'azi ba. Ya dai sa ya ga hanyar da kuɗinsa ke bi su fita, kuma ƙiyasin gaba zai fito daga abin da ya faru a zahiri.

Gyara ya fi sabon gini wuyar ciniki, domin ba ka san abin da ke bayan bango ba sai ka fasa. Yawancin gidajen Amurka da katako ake tsayar da su a rufe da allo. Ana ɓalle allon banɗaki sai a tarar ruwa ya yi shekaru yana ɗiga, ginshiƙi ya ruɓe, ko wayoyin wuta na zamanin kakanni ne. In an gina gidan kafin 1978, ana iya samun dalma a fentinsa, kuma tun 2010 dokar hukumar kare muhalli ta ƙasar ta wajabta wa mai gyara ya sami takardar shaida, ya killace wurin, ya tattara ƙurar da kulawa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a shekarar 2010 ɗin ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalili. Amma kiyaye dokar yana cin lokaci da kuɗi, kuma dole su shiga farashi tun farko. Saboda haka koci ke nacewa a kan takardar canji: duk abin da ya ƙaru, ko bango ne ya tona shi ko mai gida ne ya sake shawara, a rubuta, a sa kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, a sa hannu, kafin a ɗaga guduma. Duk maginin da aka taɓa ce masa "ɗan ƙara taga a nan, ai ba wani abu ba ne" ya san amfanin wannan takarda.

Haka ma kafin alƙalami. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma babbar masifar ɗan kwangila ita ce ya ƙarasa aikin jiya da kuɗin aikin gobe. Jihar Kalifoniya ba ta ma yarda a karɓi fiye da dala 1,000 ko kashi 10 na kwangilar gyaran gida a matsayin kuɗin farko ba, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Sai koci ya koya masa tsara biya mataki-mataki, kowane kaso a ɗaure da wani aiki da ido zai gani an kammala.

Abu mafi wuya kuwa ba a takarda yake ba. Mutumin da ya gina sunansa da hannunsa ba ya son sakin guduma. Stoeppelwerth ya yaɗa tsarin da ake damƙa kowane aiki ga babban kafinta guda, shi ne mai magana da masu gida, shi ke kiran mai famfo, shi ke riƙe da jadawali, maigidan kamfani kuma ya koma neman aiki da duba lissafi. Kafin mutum ya yarda da haka sai an yi ta lallashi, kuma sau da yawa maganar 'yan uwansa ta fi ta koci shiga. Shi ya sa kamfani irin Remodelers Advantage ke haɗa 'yan kwangila daga garuruwa daban-daban, waɗanda ba sa takarar kasuwa ɗaya, su zauna su buɗe wa juna littattafan kuɗi ba ɓoye-ɓoye. A irin wannan zama ne wani zai dubi takardar ɗan uwansa ya tambaye shi me ya sa ya karɓi aikin da ya san tun a waya cewa kuɗin mai shi ba za su kai ba. Daga nan ake koya masa tambayoyin da zai yi kafin ya tada mota: me ake so a yi, yaushe, nawa aka ware, kuma wa ke da ta cewa a gidan. In amsoshin ba su dace da shi ba, ya yi godiya cikin mutunci, ya ba su sunan wani da aikin zai fi dacewa da shi.