Takobin Aljani da Wuƙar Gaya

Duk wanda ya daɗe yana bin littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano ya san wannan takobi. Aljani ne ya ba jarumi shi a wani kogo, yana sare dutse kamar kabewa, ba ya dakushewa, ba ya karyewa. Mu da ke koyarwa a nan Unguwar Ya, duk lokacin da muka ce ɗalibai su ƙago labari, shi ne ke dawo mana a takardunsu.

Ba mu ƙi tatsuniya ba. Tun a 1934 Bello Kagara ya kai Ganɗoki ƙasashen aljanu, bai kuwa rage wa adabinmu daraja ba. Kukanmu shi ne makamin da ba shi da asali kuma ba shi da iyaka kashe labari yake yi. In mai karatu ya san babu abin da zai gagari takobin, fargabar me zai yi wa jarumi?

Mu dubi yadda wasu suka yi. A littafin The Lord of the Rings (1954 zuwa 1955), Tolkien na Ingila ya ƙago ƙarfen mithril, marar nauyi, mai tsananin ƙwari. Amma a Moria ake haƙo shi, kuma kwaɗayinsa ne ya sa mahaƙa suka zurfafa har suka tono abin da ya tashi garinsu. Haka wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, inda 'yan wasa ke zama a tebur suna ƙaga labari tare. A can kowane ƙarfe da ƙa'idarsa: mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci, makamin azurfa ke cinsa.

To, mu me muka rasa? Labarin Bayajida ya ce a Gaya, can jihar Kano, maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya tafi da ita Daura, inda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Wato tun fil'azal makamin jarumin Bahaushe yana da maƙeri da gari. Abagayawa kuma sun ce neman tama ne ya kai kakansu daga Gaya zuwa Dala. Ga wuƙar da ake ajiyewa kusa da kan jariri don tsoron iska. Ga 'yan tauri, waɗanda kowa ya san maganin ƙarfe da sharaɗi yake tafiya, wanda ya karya shi wuƙa ta ci shi. Wannan sharaɗin shi ne gishirin da labaran suka rasa.

Akwai kuma asarar harshe. Marubucin da takobinsa daga sama ya faɗo ba ya bukatar zuga-zugi, ko masaba, ko awartaki, ko uwar maƙera. Ba ya bambance maƙeran baƙi da maƙeran fari. Ɗalibin da ya karanta shi ma haka zai tashi.

Saboda haka muna kira ga marubutanmu: ran kasuwar Gwaram ko Birnin Kudu, a zauna a maƙera, a yi tambaya, a kasa kunne. Da ganin idon tukunya, gara ɗanɗana miya. Allah Ya sa mu dace.