Sharhi a Kan Rarraba Manyan Rukunan Gine-gine Bisa Siffarsu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne auna wata hanya da masu tsara birane suke bi wajen rarraba manyan rukunan gine-gine bisa siffarsu. Abin da muke nufi da rukuni a nan shi ne yankin da manyan tituna suka yi wa zobe, da duk abin da yake cikinsa na gidaje da fili da hanyoyi. Za mu ɗauki littafin Spacematrix na Meta Berghauser Pont da Per Haupt, wanda ya fito a ƙasar Holan a shekarar 1910 da ɗari, wato 2010, mu duba inda hanyarsa ta ci nasara da inda ta gaza.

2.0 Ma'aunan Littafin

Marubutan sun lura cewa ƙidaya mutane ko gidaje a kowace hekta ba ta bayyana kamannin wuri. Saboda haka suka haɗa ma'aunai da dama. Na farko, jimillar daɓen dukkan hawa idan an kwatanta da girman fili. Na biyu, kason filin da gini ya rufe. Na uku, yawan hawa. Na huɗu, sararin da ya rage wa kowane murabba'in mita na daɓe. Suka ƙara da tsawon tituna a cikin yankin.

Alal misali, bene mai hawa 10 da ya rufe kashi 10 cikin ɗari na hekta guda, da gidaje masu hawa 2 da suka rufe rabinta, daɓensu ɗaya ne: murabba'in mita 10,000. Ma'auni na farko ba zai bambance su ba, sai an haɗa shi da na biyu da na uku.

3.0 Inda Hanyar Ta Ci Nasara

Birane biyu za su nuna amfaninta. A Basalona ta ƙasar Sifen, tsarin Ildefons Cerdà na 1859 ya yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowane gefe kimanin mita 113, da tituna masu faɗin mita 20. Ya so a bar lambu a cikin kowane murabba'i, amma masu filaye suka gine gefuna huɗu, suka kuma cike tsakiyar. A 2016 hukumar birnin ta haɗa irin waɗannan guda tara a unguwar Poblenou ta mai da su babban rukuni ɗaya, ta rage zirga-zirgar motoci a cikinsa.

A Birasiliya kuwa, babban birnin Barazil, tsarin Lúcio Costa na 1957 ya yi rukunai masu kimanin mita 280 kowane gefe, da benayen da ba su wuce hawa 6 ba, a ɗore bisa ginshiƙai, sarari da itatuwa sun kewaye su. Duka biyu "babban rukuni" ake kiran su, alhali ɗaya cunkushe yake, ɗaya kuma a buɗe. Ma'aunan littafin sukan raba su nan take, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga mai tsara gari.

4.0 Inda Ta Gaza

Ana gane ingancin ma'auni ne idan an kai shi inda ba don can aka ƙera shi ba. Birnin Kano ya dace da wannan gwaji, domin ya ƙunshi siffofi uku kusa da juna: cikin Birni, da Sabon Gari mai layuka a miƙe, da Nassarawa mai manyan filaye inda Turawa suka zauna. A biyun ƙarshe hanyar tana aiki ba wahala, domin titi ne iyakar kowane rukuni. A cikin Birni ne matsaloli uku suke fitowa.

Ta farko ita ce ta sarari. Lissafin yakan tara duk wurin da ba rufi ya kira shi sarari. Ke nan tsakar gida, da dandali, da kududdufi duk sun zama abu ɗaya. Amma tsakar gida ta iyali ce, baƙo namiji ba ya wuce zaure sai da izini. Dandali na kowa ne. Kududdufi kuwa ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, yana kuma tare ruwan damina. Jami'in da ya ga adadi kawai zai iya ɗaukar kududdufi a matsayin filin da bai da aiki, ya yarda a cike shi, ruwa ya koma gidajen mutane.

Ta biyu ita ce ta hanya. Tsawon tituna ba ya faɗin ina suka nufa. Lungun da ya ɓulle kasuwa daban yake da wanda ya ƙare a ƙofar gidaje uku na dangi, ko da tsawonsu ɗaya. Daɗin daɗawa, idan taswira ta ƙidaya hanyar mota kaɗai, unguwanni da yawa za su bayyana tamkar dunƙule guda marar hanya, maganin da za a rubuta musu kuwa shi ne a tsaga titi, a rushe gidaje.

Ta uku ita ce ta iyakar gida da sauyin zamani. Tun a 1960, M. R. G. Conzen, a nazarinsa na garin Alnwick a Ingila, ya nuna cewa tsarin gari abu uku ne: tituna, da filayen gidaje, da gine-gine. Ma'aunan da muka jera sun kula da na farko da na uku, na tsakiya bai sami cikakken matsayi ba. A birane irin Kano da Zariya kuwa, rabon gado yakan tsaga gida ɗaya ya zama uku, a huda sabuwar ƙofa, a sami sabon lungu, alhali adadin ginin bai sauya ba. Littafin Friedrich Schwerdtfeger na 1982, wanda ya ƙunshi nazarin gidajen Zariya, ya nuna yadda gida yake bin girman iyali da raguwarsa.

5.0 Kammalawa

Ba muna cewa a yi watsi da hanyar ba. Shawararmu ita ce, kafin a sa kowane rukuni a wani aji, a ƙara tambayoyi uku a kan ma'aunan: wane ne yake da ikon shiga kowane sarari, wace hanya ce take ɓullewa, kuma ina iyakokin gidaje suke. Amsar ba ta samuwa daga hoton sama kaɗai. Sai an taka ƙasa, an zauna da masu unguwanni da magina. Sunan ajin da aka ba wa unguwa shi yakan yanke hukuncin ko za a gyara ta ko za a rushe ta, don haka wajibi ne a yi hattara wajen ba da shi.