Fentin Contrast: Kwalbar da Ta Hana Ni Ajiye Burushi

Tsayinsa bai kai ɗan yatsana ba. Ƙwarangwal ne na roba, riƙe da mashi da garkuwa, milimita 30 da 'yar ɗoriya. Da rana na fesa masa farin fenti na bar shi ya bushe, bayan sallar isha'i na zauna gaban fitila, na girgiza kwalbar da aka rubuta wa Skeleton Horde, na tsoma burushi, na shafa a ƙirjinsa sau ɗaya. Ina kallo ruwan fentin ya gangara da kansa ya shige tsakanin haƙarƙari, ya taru a kwarmin ido, ya bi tsagin haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya bar saman ƙashin da haskensa. Kafin shayin da ke gefena ya huce, abin da yake farar roba ɗazu ya koma tsohon ƙashi da ya shekara ɗari a cikin rairayi. Wallahi sai da na tashi na kira ƙanena ya zo ya gani.

Wannan fenti sunansa Contrast, kuma kamfanin Games Workshop ne ya fito da shi a shekarar 2019, da launuka 34 a tashin farko. Kamfanin ya samo asali ne a Landan a 1975, a hannun John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, yanzu kuma hedikwatarsa tana Nottingham a Ingila. Su ne masu wasan Warhammer da ya fito a 1983, da Warhammer 40,000 da ya biyo baya a 1987, wasannin da ake jera ƙananan sojojin roba a kan tebur a gwabza yaƙi da ɗan lido da awon tazara. Sojojin nan a tsirara suke zuwa, launin toka, a manne jikin firam. Mai saye ne zai yanko su, ya haɗa, ya yi musu fenti. A nan ne mutane da yawa ke sarewa.

Ni ma na taɓa sarewa. Wani ɗan'uwana da ke karatu a Ingila ya kawo mini kwalin farko tsaraba, na nemo fentin akirilik irin na 'yan makaranta a wani shago, na lafta shi yadda ya fito daga bututu. Fuskar sojan ta shafe, maɓallan rigarsa suka nutse, raina ya ɓaci, kwalin ya yi wata da watanni a saman kwaba. Daga baya ne na fahimci tsarin da masana ke bi: a fara da launin tushe a tsinke, a shafa sau biyu siriri-siriri, kamar yadda Duncan Rhodes ya yi ta nanatawa a bidiyoyin koyarwarsa har aka san shi da wannan magana, sannan a zuba ruwan inuwa ya shiga lunguna, sannan a dawo da launin tushe a wuraren da suka taso, sannan a ja siririn layin haske a kowane gefe. Tsari ne mai kyau, kuma har gobe ina girmama shi. Amma ga wanda bai taɓa riƙe burushi ba, mataki huɗu ne a kan kowace riga da kowane takalmi, ga sojoji ashirin suna jiran layi.

Contrast ya dunƙule uku daga cikin matakan nan a shafa ɗaya, kuma wannan ne ya sa nake yabonsa ba ƙaƙƙautawa. Sirrin yana cikin ruwan da aka dama launin da shi. Fenti ne mai gani-har-hanji, yana da santsi, yana janyewa daga tudu ya kwanta a kwari. Inda ya taru da yawa sai ya yi duhu ya zama inuwa, inda ya yi siriri sai farin da ke ƙasa ya leƙo ya zama haske, tsakaninsu kuma ga ainihin launin. Wato mai sassaƙa ya riga ya yi maka rabin aiki, fentin yana bin sawunsa ne kawai.

Ga kuma launukan, kai jama'a! Snakebite Leather a kan ɗamara yana fitowa sak fatar da dukawa ke ɗinka gidan wuƙa da ita. Gore-grunta Fur a kan gashin dabba, kowane sili sai ya tsaya da kansa. Iyanden Yellow ya warware matsalar da ta daɗe tana damun masu wannan sana'a, don rawaya launi ne mai taurin kai, a da sai ka shafa shi sau da yawa kafin ya rufe, yanzu shafa ɗaya a kan fari ta wadatar, har da ɗan ruwan lemo a cikin lunguna. Talassar Blue kuwa shuɗi ne mai kama ido tun daga bakin ƙofa. Wanda na fi ƙauna shi ne Wyldwood, ruwan ƙasa mai duhu da ke mayar da sandar mashi itace na gaske. Kwalbata ta farko, mililita 18, ta kusa ƙarewa, kuma ban yi nadamar ɗigo ɗaya ba.

To, ɗan'uwa mai shirin farawa, matso kusa, don fentin nan yana da halinsa, kuma wanda ya san halin ne ke cin moriyarsa.

Komai yana rataye ne a kan shimfiɗar farko. Kafin ka fesa, ɗauki bayan wuƙar aiki ka kankare siririn layin da mazubi ke bari a jikin roba, domin Contrast ba ya rufa wa wannan layi asiri, sai ma ya ƙara fito da shi. Sannan ka fesa shimfiɗa mai haske kuma mai santsi. An yi gwangwanin feshi biyu musamman saboda shi: Wraithbone, fari mai ɗumi da ke dacewa da ja da rawaya da fata da ƙashi, da Grey Seer, toka-toka mai sanyi da ke dacewa da shuɗi da baƙi. Ka girgiza gwangwanin sosai, ka fita waje, ka riƙe shi nesa kamar taƙi ɗaya, ka fesa kaɗan-kaɗan kana wucewa. In ka tsaya wuri ɗaya fenti zai cika ƙananan zane, in ka yi nisa da yawa zai bushe a iska ya sauka kamar yashi. Ka manna sojan a kan murfin kwalba da ɗan ɗanko, don kada yatsunka su taɓa jikinsa.

Wajen shafawa kuma, abin da na koya da kaina shi ne a ɗauki yanki ɗaya a gama shi. In riga ce, rigar kaɗai, daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba tsayawa. Ka cika burushi daidai gwargwado, ka ja fentin zuwa inda kake son inuwa ta zauna. In ka ga ya yi tafki a wani lungu, share burushin a tsumma ka taɓa tafkin da bakinsa, zai tsotse rarar. Daga nan ka ɗauke hannunka. Wannan shi ne mafi wuya, don ido zai ga wani ɗan wuri ya ce a gyara, amma da zarar fentin ya fara kamewa, taɓa shi yana yage fatar da ta fara yi ya bar tabo. Bari ya bushe sarai. In ja ya haura kan abin da ya kamata ya zama rawaya, akwai Wraithbone da Grey Seer na kwalba, ka shafe wurin da shi ka sake. In kana son launin ya yi sauƙi, Contrast Medium ake ƙarawa, domin ruwa mai yawa yana kashe wannan gudu nasa zuwa lunguna, ya bar dabbare-dabbare.

Mu da muke zaune inda hunturu ke busar da leɓe muna da ƙarin aiki. Akirilik dama da ƙafewar ruwa yake bushewa, to a watan Janairu lokacin da kake da shi na jan fenti yana raguwa ƙwarai. Ina kashe fanka, ina rage girman yankin da nake ɗauka, ina kuma kifa roba a kan sojan da na gama don ƙura kada ta manne masa. Ga fentin akirilik na yau da kullum, ina amfani da faranti mai laima: murfin roba, soso siriri jiƙaƙƙe, da takardar gashin kek a sama. Launi yana kwana a kai bai bushe ba. Contrast dai ba na ɗora shi a nan, daga kwalba nake ɗiba ko daga ɗan ƙoƙon roba.

Burushi ma kada ka kashe kuɗi a kan mai tsada tun yanzu. Contrast yana haurawa cikin gashi har gindin ƙarfe, in ya bushe a can bakin burushin ya tarwatse ke nan. Mai lamba 2 na gashin roba, wanda bakinsa ke da tsini, ya ishe ka. Ka riƙa ɗauraye shi akai-akai, ka wanke da sabulu in ka tashi.

Inda fentin ya fi nuna bajinta shi ne jiki mai lunguna: gashi, tufafi masu naɗi, ƙashi, sarƙa, ɓawon itace. A shimfiɗaɗɗen wuri irin gefen tankar yaƙi ba shi da kwarin da zai gangara, don haka a can tsohon tsari na shafa biyu siriri ya fi. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da siffar abu mai rai ba, ƙofa a buɗe take gare shi: akwai ƙananan ganuwoyi da rusassun gine-gine da duwatsu da gangunan katako, kuma Contrast a kan bangon dutse abin kallo ne.

Za ka buƙaci 'yan kwalabe na gargajiya a gefe. Ƙarfe sai Leadbelcher, zinariya sai Retributor Armour, sannan Nuln Oil, baƙin ruwan inuwa da ke sa takobi ya yi kamar ya ga yaƙi. In hannunka ya fara faɗawa, gwada wannan: fesa baƙi, ka ɗauki babban burushi mai laushi ka shafa toka-toka bayan ka goge kusan duk fentin a tsumma, ka bi da fari sama-sama, sannan ka zuba Contrast. Ranar da na fara gwada shi a kan wani jarumi mai alkyabba, naɗin alkyabbar ya yi zurfi har na riƙa juya shi a gaban fitila na kasa ajiyewa. A ƙarshe ka fesa man kariya mara ƙyalli, don fentin siriri ne, yawan taɓawa yana goge shi a gefuna.

Wasu kamfanonin sun bi sahu, The Army Painter na ƙasar Denmak da Speedpaint, Vallejo na Sifen da Xpress Color, kuma duk wanda ya samu ɗayansu a kusa ya kama, hanyar aikin ɗaya ce. Ni dai da Contrast na fara, shi ya sauko mini da kwalin nan daga saman kwaba. Masu neman kofi a gasar Golden Demon, wadda ake yi tun 1987, suna iya shafe watanni a kan soja ɗaya, Allah ya ƙara musu basira. Sabon shiga abin da yake buƙata shi ne ya ga soja ɗaya ya kammalu a hannunsa a daren farko, ya ji daɗin da zai dawo da shi gobe, kuma fentin nan yana ba da wannan.

Don Allah in kana da kwali a ajiye, ko kana da mai zuwa daga waje da zai riƙo maka saƙo, ka nemi gwangwanin Wraithbone ɗaya, da Skeleton Horde, da Snakebite Leather, da launi ɗaya da ranka ke so. Ka zaɓi soja ɗaya tak, ka zauna da shi yau da daddare.