Daga Hirar Gida zuwa Kundin Shaida: Sharhi a kan Littafin Harry Price game da Fatalwar Borley

Gundumar Essex da ke gabashin Ingila tana da wurare da dama da jama'a ke jingina wa fatalwa, amma babu wanda sunansa ya kai na Borley, wani ɗan ƙauye a kan iyakarta da gundumar Suffolk. Littafi guda ne ya ɗaukaka shi, wato The Most Haunted House in England, wanda Harry Price ya wallafa a 1940, ya kuma bi shi da The End of Borley Rectory a 1946. Wannan maƙala ta dubi littafin farko da idon mai nazarin adabin baka, domin gano abin da ke samun tarihihin wuri idan mai tattara shi ya ɗauke shi a matsayin ƙarar da za a tabbatar a gaban alƙali.

Gidan da ake magana a kansa mazaunin limamin cocin Angilika ne, wanda Henry Bull ya gina a farkon shekarun 1860 domin iyalinsa masu yawa. Labarin da ke yawo a gidan shi ne, wai a can da akwai gidan ruhubanawa a wurin, sai wani rahibi ya ƙulla soyayya da wata rahiba, wato macen da ta keɓe kanta ga ibada a ɗariƙar Katolika. Suka yi niyyar gudu a keken doki, aka kama su, aka kashe shi, ita kuwa aka gine ta da ranta a cikin bango. Tun daga nan, in ji labarin, take kai da komo a lambun gidan. 'Ya'yan Bull mata huɗu sun ce sun gan ta da yammacin 28 ga Yuli, 1900.

Dole a yaba wa Price a kan abu guda: ya iya jan zaren labari. Ya saka taswirar gidan, da hotuna, da jerin sunayen shaidu, ya kuma riƙa magana da muryar mutum mai taka-tsantsan wanda hujja ce ta rinjaye shi ba da son ransa ba. Wannan murya ita ce ƙarfin littafin, kuma a cikinta aibinsa yake, domin tana sa mai karatu ya manta da tambayar yadda kowace shaida ta samu.

A dubi yadda shi kansa ya shiga lamarin. Limamin da ya zo a 1928, Guy Eric Smith, shi da matarsa suka tuntuɓi jaridar Daily Mirror, jaridar ta turo wakili, sannan ta kawo Price a watan Yunin 1929. Kafin zuwansa abin da ake ji ya haɗa da takun sawu da hasken taga da gilmawar wata siffa. Da isowarsa sai aka fara jifa da tsakuwa da farfasa kaya. Daga baya matar Smith ta bayyana cewa shi take zargi, wani ɗan jarida mai suna Charles Sutton kuma ya ce ya taɓa samun aljihunsa cike da duwatsu. Ko da an jingine batun zamba gefe, sauyin da ya samu labarin a bayyane yake. Fatalwar dangin Bull shiru-shiru ce, ana ganin ta daga nesa, ba ta taɓa kowa. Wadda jarida ke bukata kuwa mai hayaniya ce, wadda za ta ba da sabon kanun labari kowace safiya.

Kanun littafin ya yi iƙirarin binciken shekara goma. Gaskiyar magana ita ce tsakanin 1931 da 1937 kusan ƙafar Price ba ta taka gidan ba, alhali mafi yawan abubuwan al'ajabin da ya cika shafuka da su, har da rubuce-rubucen bango masu kiran sunan Marianne, sun faru ne a zamanin limami Lionel Foyster, daga 1930 zuwa 1935. Marianne matar limamin ce, kuma a ziyararsa ta 1931 Price da kansa ya ɗora alhakin abubuwan a kanta. Mai karanta littafin 1940 ba zai fahimci nauyin wannan zargi ba.

Da ya karɓi hayar gidan a 1937, ya yi talla a jaridar The Times, ya ɗauki masu sa ido 48. Sai ya raba musu wani ɗan littafin umarni da ya zayyana abubuwan da aka ce ana gani da inda ake ganin su. Duk wanda ya taɓa fita tattara bayanai ya san illar wannan. Idan aka gaya wa mutum abin da zai ji kafin a bar shi cikin duhu a tsohon gida mai ɗakuna barkatai, ƙarar katako ma sai ta zama sawun mamaci.

Inda lamarin ya fi jan hankalin mai nazarin adabi shi ne makomar rahibar kanta. A 1938 masana tarihin gundumar sun tabbatar babu wata alama ta gidan ruhubanawa a Borley. Keken dokin gudun ma bai dace da zamanin ba, domin sai a ƙarni na 16 irinsa ya shigo Ingila. Maimakon labarin ya rushe, sai ya sake riga. A zaman kiran ruhohi da wasu mataimakan Price suka yi da wani ƙaramin allo mai tayoyi da fensir, an samu sabon suna, Marie Lairre, wai Bafaranshiya ce da wani ɗan gidan Waldegrave ya kashe a 1667. Wani ruhun kuma ya ce gidan zai ƙone a daren 27 ga Maris, 1938. Bai ƙone ba sai 27 ga Fabrairu, 1939, amma tazarar wata goma sha ɗaya ba ta hana a lissafa gobarar cikin abubuwan mamaki ba.

A 1956, shekara takwas bayan mutuwar Price, Eric Dingwall da Kathleen Goldney da Trevor Hall suka fitar da The Haunting of Borley Rectory, inda suka bi shaidun ɗaya bayan ɗaya suka warware su. Aiki ne mai tsanani, wasu ma na ganin ya yi wa mamacin tsauri, shi ya sa Robert Hastings ya mayar da martani a 1969. Sai dai masu sukar sun bi Price cikin kotun da ya kafa. Tambayarsu ita ce tasa: ya faru ko bai faru ba? Da aka yanke hukunci sai aka rufe kundi, aka bar tambayar da ta fi amfani, wato me ya sa iyalin limamin Furotesta suka zaɓi su zauna da fatalwar 'yar Katolika.

Amsar ba ta da nisa. A cocin Borley, tsallaken hanya daga gidan, akwai babban kabarin tunawa da Sir Edward Waldegrave, mai ƙasar wurin, wanda ya mutu a kurkukun Hasumiyar Landan a 1561 saboda ya bari an yi ibadar Katolika a gidansa a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. 'Yan matan gidan Bull sun tashi suna kallon wannan kabari kowace Lahadi. Sun kuma tashi a ƙarnin da hoton rahibar da aka gine a bango ya cika adabin Ingilishi, tun daga waƙar Marmion ta Walter Scott ta 1808 har zuwa Montezuma's Daughter na Rider Haggard na 1893. Tsoron Katolika da sha'awarta, da laifin tarihin da ba a son ambata, duk sun samu mafaka a siffar mace mai baƙaƙen tufafi a ƙarshen lambu. Price ya zauna da wasu daga cikin waɗannan mata da ransu, amma abin da ya nema a bakinsu shi ne rana da sa'a da tazara. Wa ya fara ba su labarin, a wane lokaci ake ba da shi, da wasa ko da gaske, duk bai dame shi ba, kuma yanzu babu mai amsawa.

An rushe kangon gidan a 1944, aka yi sababbin gine-gine a filin. Masu farautar fatalwa ba su daina zuwa ba, sai dai sun mayar da na'urorinsu na ɗaukar sauti zuwa cocin, inda suka ce yanzu a can ake jin sawun, kusa da kabarin Waldegrave.